Ramuka Uku a Ƙasan Ƙofa

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Yau na taɓa Gimbiya. Shekarata arba'in da huɗu a duniya, yau ne karon farko da na sa hannu a motar Baba ba don in wanke ta ba.

Tun watan Janairu yake mita wai ruwa na shiga ta ƙofar gaba, gefen da Mama ke zama. Sati biyu da suka wuce Padrinho Orlandino, ubana na baftisma, ya canja masa robar ƙofar gaba ɗaya a garejinsa, ya ƙara masa da sababbin waifa. Duk da haka Baba bai daina shinshinar kafet yana cewa akwai warin danshi ba.

Da muka ci soyayyen kifi da kunun 'ya'yan itacen açaí ya haye gadon lilo. Ina jin minshari na zame waje. Na durƙusa na leƙa ƙasan ƙofar, sai ga ramuka uku a jere, kowanne zai ɗauki ƙaramin yatsa. Na ce yawwa, ga ɓarawon nan. Tsofaffi biyu, shekara hamsin suna harkar mota, ba wanda gwiwarsa za ta bar shi ya duƙa ya gani. Na ɗauko ragowar silikon da muka liƙe wurin wanke-wanke da shi, na cika su tam, na shafe da yatsa. Ganin aiki ya yi kyau sai na ƙara gaba, na ɗauko man ƙyalli na mota na mulke gilashin gaba don ruwa ya riƙa zamewa. Ruwan yau ma ya taimake ni, bai sauko ba sai wajen biyar.

Ba zan faɗa ba sai ya lura da kansa. Ina so in ga fuskarsa. Yayana Edvaldo Baba ya koya wa komai na mota, shi kuma ya tattara ya tafi Manaus, ko keke ba shi da shi. Ni kuwa tun ina yarinya nawa aikin shi ne, "Valdi, kawo mana kofi."

Talata, 27 ga Fabrairu

Baba ya ɗauke ni zai kai ni kemis, aikin yamma gare ni. Muna kan titin da ke da manyan bishiyoyin mangwaro ruwan ƙarfe biyu ya kece. Ya kunna waifa, sai suka fara gar-gar-gar, suna tsalle a kan gilashi, suna barin wani farin hazo. Da ƙyar yake ganin bas ɗin da ke gabanmu.

"Égua! Wace irin waifa compadre ya sa min? Daga bola ya tsinto su?"

Ya karya kan mota sai garejin compadre ɗin nasa, wato Padrinho. Dama can zai nufa in ya sauke ni. Tun da Mama ta rasu, kullum kafin ruwa ya sauko yana can, su buga domino har a ɗauke. Shi ne kawai abin da ke fitar da shi daga gida.

Padrinho ya fito da leda a ka. Na ce ya sa min albarka kamar kullum, ya ce Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya ɗauko filaya ya ɗan murɗa hannun waifar, aka gwada, ba ta daina ba. Sai ya goga babban yatsa a kan gilashin, ya duba yatsan.

"Anacleto, ka shafa wani abu a nan?"

"Ni? Shekara talatin ina tuƙin tasi, yau zan fara shafa wa gilashi mai? Ka dai ce idonka ya mutu."

"Idona ya mutu amma jiya na ci ka sau huɗu."

Ina zaune a ciki, jaka a cinya. Kalma ɗaya ta isa. Na ce a raina abin kunya ne ƙarami, zan goge shi a ɓoye, babban aikin na ƙofa shi zai wanke ni.

Juma'a, 1 ga Maris

In Baba ya taka birki ina jin wani abu na motsi a cikin ƙofar, kwal-kwal, kamar an girgiza kwakwa. Shi kunnensa na dama ya daɗe da tafiya. Ƙila ba komai.

Litinin, 4 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Littafin Mama. Mai baƙin bango, wanda ke ɗaure da roba. Shekara ashirin da shida, motoci uku, duk tafiyar da suka yi tana rubutawa: ranar, inda aka je, abin da aka ci, wanda ya fara faɗa. A aljihun ƙofar gefenta yake zaune, kuma tun rasuwarta Baba bai yarda an ɗauke shi daga nan ba. Duk Litinin in mun je maƙabarta kunna kyandir, yakan buɗe shafi ɗaya ya karanta mata.

Yau ya miƙa hannu ta gabana ya zaro shi, sai ruwa na ɗiga. Ya kumbura, ya yi biyun girmansa. Da ya buɗe, tawadar biro duk ta narke, shafi bayan shafi shuɗi kawai, babu harafi. Ya daɗe yana juyawa a hankali. Sau ɗaya ya kira sunanta, "Dita." Ko kyandir ɗin ba mu kunna ba.

Daga nan gareji. Akwai direbobin tasi uku suna shan kofi a bakin ƙofa. Baba ya ɗaga littafin sama yana ɗiga.

"Ga aikinka, Orlandino. Kalle shi da kyau."

"Compadre, shigo da motar in duba."

"Ka ƙara taɓa ta? Na ce maka hannunka na rawa, ka ce sanyi ne. In ba ka iyawa ka faɗa, ba ka cuci matacciya ba."

Wannan maganar ta ƙarshe, ko direbobin sai da suka sunkuyar da kai. Padrinho shi ya ɗauki gaban akwatin gawar Mama. Yau kuwa hannuwansa biyu kawai ya sa a aljihu. Baba ya shiga ya ɗauko kujerarsa ta roba, wadda ke can shekara biyu, ya jefa a but.

Ni har yanzu ce wa kaina nake ai ni toshewa na yi, ba buɗewa ba. Ta yaya toshewa za ta kawo ruwa?

Laraba, 6 ga Maris

Na kira Edvaldo a lokacin hutun rana. Na ba shi labari, na tsallake nawa. Yana tauna wani abu a waya ya ce, "Ya duba ramukan ƙasan ƙofa?"

Na ce waɗanne ramuka.

"Haba Valdi. Kowace ƙofar mota ruwa na shiga cikinta ta jikin gilashi, dole ne. Ramukan nan ne mafitarsa. In ganyen mangwaro ya toshe su sai ƙofa ta cika ta yi ambaliya ciki. Baba ne ya koya min, da wata 'yar waya yake tsokale su duk Lahadi. Ya manta ke nan? Tsufa."

Na ce masa ana jirana. Na shiga bayi na zauna a kan murfin masai har Dona Celeste mai kemis ta buga ƙofa ta ce ko cikina ne.

Baba bai manta ba. Gwiwarsa ce ta hana shi duƙawa, kuma a gabana Padrinho ya ce masa ya riga ya tsokale su, ran da ya sa roba. Na ji da kunnena. Ban san me ake nufi ba, ban kuma tambaya ba, don kar a ce ban sani ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Baba na barcin rana na fita da sukudireba. Na farko ya yi gardama, sannan ya fito ɗungurungum. Ruwa ya feso min a ƙafa, baƙi, mai wari. Na cire sauran biyun. Ya fi rabin bokiti, ina durƙushe ina kallo yana bin gefen titi zuwa kwata. Na wanke gilashin da sabulun kwanuka sau uku, na bi da sifirit ɗin da na zo da shi daga kemis, na goge da jarida har hannuna ya ƙage.

Guntayen silikon uku, farare, kamar haƙoran tsoho. Na tashi jefa su a kwata, ban jefa ba. Suna cikin ƙaramin aljihun jakata.

Asabar, 9 ga Maris

Waifa ta koma shiru, ruwa ya daina shiga. Na ɗauka zan ji sanyi.

Ashe jiya Baba ya liƙa baƙin salatif a saman robar ƙofar. Yau ya shafa kafet ya ji bushe, ya ce, "Kin gani? Salatif na yara ya fi aikin gwanin naku." Ya faɗa wa maƙwabci, ya faɗa wa mai sayar da açaí. Da na bar ramukan a toshe, wata rana wani zai duƙa ya gani ya wanke Padrinho. Ni da hannuna na share shaidar.

Lahadi, 10 ga Maris

A coci na buɗe baki zan yi waƙa, ba abin da ya fito.

Talata, 12 ga Maris

Kwana takwas Baba bai fita lokacin ruwa ba. Ya baje littafin a teburin cin abinci, ya sa fallen jarida tsakanin shafuka, ya juya masa fanka. Yana zaune yana gadi. In hadari ya haɗu sai in ga ya duba agogo, ya motsa kamar zai tashi, ya koma.

Ya sayi wani littafin yana ƙoƙarin tuna abin da ta rubuta. Yau ya tambaye ni, "Ran da muka je bakin ruwa a Mosqueiro taya ta fashe, kaguwa muka ci ko kifi?" Na ce kaguwa. Ban sani ba. Ya rubuta kaguwa.

Rabin abincinsa yake bari. Na ƙara masa garin rogo yadda yake so, ya ture.

Alhamis, 14 ga Maris

Dona Zuleide, matar Padrinho, ta zo kemis sayen maganin hawan jini. Na yi kamar ina lissafin kwalaye, ta tsaya sai ni.

"Valdi, uban naki na baftisma ya ce ya gama. Ƙarshen wata zai rufe gareji, ya ba ɗan ƙanwarsa kayan aiki. Direbobi biyu sun janye motocinsu, amma ba wannan ba ne. Zama yake yana kallon hannunsa. Ki zo ki gan shi, ke yana jin maganarki."

Na ba ta maganin, na manta ban sa mata a leda ba.

Asabar, 16 ga Maris

Na je. Na shirya maganata tun daga bas, har da inda zan tsaya in numfasa.

Padrinho na jera sifana a cikin akwati, babba zuwa ƙarami. Teburin domino an jingine shi a bango. Na nemi albarka ya sa min, sai ya riƙe hannuna bai saki ba.

"'Yata, ki yafe min. Littafin uwarki ne."

Na ce, "Padrinho..."

"A'a, bari in faɗa. Na kwana ina bin aikin nan a kaina. Na share gurbi, na shafa gam, na bi roba kusurwa-kusurwa, na watsa ruwa da tiyo ban ga ɗigo ba. Amma dubi." Ya miƙa hannun dama, yana ɗan karkarwa. "Wani wuri na tsallake ban sani ba. Wannan shi ne abin tsoron, ban sani ba. Yau roba ce, gobe birkin wani ne. Anacleto bakinsa ba daɗi amma gaskiya ya faɗa."

Jakata na kafaɗata, guntayen na ciki. Dona Zuleide ta kawo min ruwan 'ya'yan itacen cupuaçu mai sanyi, na shanye, na ce da daɗi. Na yi sallama na fito.

Na san yadda ake kiran mai irin halin nan. Ba sai na rubuta ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Me nake tsoro ne wai? Ba duka Baba zai yi ba. Da na dawo gidan nan da akwatuna biyu bayan aurena ya mutu, bai tambaye ni komai ba, ya ce ɗakinki na nan. Tsoron da nake shi ne ya kalle ni irin kallon da ya yi wa Padrinho. Ko ya ce, "Shi ya sa ban koya miki ba."

Na ce yau. Sai Edvaldo ya kira, suka daɗe suna hira. Na ce gobe.

Talata, 19 ga Maris

Na faɗa.

Ba jarumta ba ce. Muna cin abincin rana Baba ya ce ya ji Orlandino zai rufe, ya ce, "Ya kyauta wa jama'a." Yana faɗa idonsa ya kaɗa. Sai kawai na ga na buɗe jaka na jera guntayen uku kusa da farantinsa.

"Mene ne wannan?"

"Daga ƙasan ƙofar Gimbiya na ciro su. Ni na sa su. Na ɗauka tsatsa ce ta huda. Ni na shafa wa gilashi mai. Robar Padrinho ba ta da laifi, salatif ɗinka ma ba abin da ya yi."

Ya ɗauki ɗaya ya matsa tsakanin yatsu.

"Yaushe kika sani?"

"Sati biyu."

"Sati biyu kina zuba min abinci."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min. Ya tashi ya sa riga, ya ɗauki makulli. "Tashi. A gaban mutane na zage shi, a gaban mutane za mu je."

Ruwa ya kama mu a hanya. Waifa na ta aikinta lafiya lau.

Direbobi biyu na fake a garejin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Compadre, 'yarka na da magana." Na zuba guntayen a tafin Padrinho, na faɗi komai, har da jakar da ke kafaɗata ranar Asabar. Ya fita cikin ruwa ba leda, ya dafa mota ya durƙusa da ƙyar, ya sa yatsa a ƙasan ƙofa. Ya taso da ɗan ragowar silikon a farcensa. Ya bi robar da yatsa daga sama har ƙasa, ya ɓare salatif ɗin Baba ya yar.

"Ashe ta zauna," ya ce. Ba da mu yake ba.

Sannan ya juyo gare ni, ruwa na bin fuskarsa. "Ramukan ba komai ba ne, Valdi. Na taɓa ganin injiniya ya yi haka. Amma kin zo nan kin sha ruwa a gidana, ina nuna miki hannuna."

Na ce ya sa min albarka. Ban taɓa jira ba a rayuwata, yau na jira. Sai da ya share fuska da riga ya ce, "Allah ya yi miki," ya tsaya a nan, bai ce 'yata ba.

Baba ya yi gyaran murya. "Na faɗi abin da bai kamata ba, Orlandino. Maganar matacciya. Na janye, kowa ya ji." Ya kalli teburin da ke jingine. "Ina domino?"

"Ba yau ba, Anacleto."

Muka dawo.

Juma'a, 22 ga Maris

Baba na amsa gaisuwata, shi ke nan. Jiya da shekaranjiya ya fita kafin ruwa, ya dawo da kujerar a but. Yau ya dawo babu ita.

Dona Zuleide ta leƙo kemis ta ce an mayar da sifanu bango. Ba ta yi min murmushi ba, amma ta karɓi leda.

Lahadi, 24 ga Maris

Na tashi na tarar an kashe fanka. Littafin Mama na buɗe a gefena na tebur. Ashe akwai 'yan shafuka da ta rubuta da fensir, ranakun da biro ya ƙare, ruwa bai ci su ba. Wannan na wata tafiya ce zuwa Vigia, ina 'yar shekara goma sha tara. Mun ci gasasshen kifi, Edvaldo ya yi amai. A ƙasa ta sa: "Mota ta tsaya. Valdi na ta leƙen inji ta bayan ubanta, ya aike ta neman kofi. Mutumin nan ba ya gani."

Sauran shekara ashirin da shida sun tafi, kuma ni na kashe su. Ba abin da zai canja wannan.

Bayan cin abinci Baba bai hau gadon lilo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da wata tsohuwar waya mai lanƙwasasshen kai.

"Gwiwata ba ta duƙawa," ya ce, yana kallon titi. "Ƙofa huɗu ne, ba ɗaya ba. A hankali, kar ki kankare fenti."

Na yi. Yana tsaye a kaina yana mita wai na riƙe wayar kamar mai soya kifi. Ganyen mangwaro ya fito daga ta baya. Ya ce Laraba in biyo shi gareji, Padrinho zai nuna min yadda ake murɗa hannun waifa, in ya ga dama.

Da muka gama ya shiga ciki. Na ji ƙarar kofuna, na miƙe da sauri zan karɓa, ya ce zauna, hannunki da datti.

Da kansa ya kawo min kofin, ya cika sukari. Na shanye.